Lissafin Kiwon Kifin Salmon a Tekun Norway

Kafin a zuba 'ya'yan kifi a kejin teku, sai an san kuɗi nawa kiwon kilo ɗaya na kifi zai ci. A Norway abinci ne ke lashe kusan rabin kuɗin kiwon salmon, domin kifin kan cinye kimanin kilo 1.3 kafin ya ƙara kilo ɗaya. Doka kuma ta hana cunkusa fiye da kilo 25 na kifi a lita 1,000 ta ruwa.

Mace-mace ne ya fi ɓata lissafi. Kusan kifi 15 cikin 100 ke mutuwa a keji duk shekara, galibi saboda cututtuka da wahalar cire musu ƙwarƙwatar ruwa. Wanda ya mutu dab da kamu ya tafi da abincin sama da shekara guda, shi ya sa dole a rubuta nauyinsa da ranar da ya mutu. Tun 2023 kuma akwai ƙarin harajin kashi 25 a kan ribar kiwon teku.