Gardamar Java a shagon gyaran waya

Jiya gardama ta sarƙe tsakanina da wani abokina mai gyara, yana tsaka da ɗora wa wata Tecno manhaja. Ya dage cewa Google sata ya yi, tunda ya kwashi layuka kusan 11,500 na Java, wani yaren rubuta manhaja, ya zuba a Android. Ni kam ina tare da Kotun Ƙolin Amurka, wadda ta ba Google gaskiya a kan Oracle, kamfanin da ya mallaki Java, a 2021, a shari'ar da aka faro tun 2010. Sunaye da tsarin umarnin da masu rubuta manhaja suka saba da su aka kwafa, ainihin aikin kuwa Google ya rubuta nasa. Da an kulle wannan, wallahi ƙananan masu rubuta manhaja da ke tasowa ne za su fi shan wuya.