Ranar da cikakkiyar mafitsara ta kusa ruɗe ni

Ina shekarata ta biyu a ɗakin sikanin aka turo mini wata baiwar Allah da cikin sati 20. Sau biyu tana haihuwar bakwaini, babu wanda ya rayu. Likita ya rubuta a auna mata tsawon bakin mahaifa. Na ɗora na'ura a kan mararta, mafitsara cike da fitsari yadda muka saba, na samu milimita 36. Har na ce mata, "Hajiya, alhamdu lillahi, babu matsala."

Babbar da ke koya mini aiki ta kalli hoton, ta ce a tura ta ta yi fitsari, a sake awon ta gaba, wato a shigar da na'urar cikin farji. Milimita 19 muka samu. Har yau in na tuna sai gabana ya faɗi, don duk abin da ya gaza 25 kafin sati 24 gajere ne, alamar haihuwa na iya zuwa kafin sati 37. Ashe mafitsara in ta cika takan danne ƙasan mahaifa, sai bakin ya yi kamar dogo. Hannun mai awo ma yana yin haka idan ya danna da ƙarfi. Shi ya sa yanzu nakan shigar da na'urar a hankali, in ja baya har hoton ya fara dusashewa, sannan in ɗan matsa kaɗan. Ina aunawa sau uku, in rubuta mafi gajarta cikin masu kyau. Ba na gaggawa kuma: minti uku zuwa biyar nake kallo, domin na sha ganin bakin mahaifa yana buɗewa daga ciki kamar mazurari a kan idona.

Abin da ya fi ba ni wuya shi ne kunya da tsoro. Da yawa suna jin "ta gaba" sai su ce, "Sista, ba zai zubar mini da ciki ba?" Nakan rufe ƙofa, in lulluɓe mace da zane, in nuna mata na'urar da robar da ake sa mata, in gaya mata na'urar ba ta taɓa jariri. Akasari sukan yarda.

Ita Hajiyar, likita ya yi mata ɗinkin bakin mahaifa saboda tarihinta. Wadda ba ta taɓa haihuwar bakwaini ba kuwa, in an ga bakin mahaifarta gajere ne, galibi maganin furojestaron na matsi ake ba ta, mai taimakawa wajen riƙe ciki, miligiram 200 kowane dare.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, wannan awo tsakanin sati 16 da 24 yake da amfani, mata da yawa kuwa sai ciki ya kai wata shida ko bakwai suke fara zuwa awo. Duk wadda ta ce mini ta taɓa haihuwar bakwaini, nakan roƙe ta, in ta sake samun ciki ta zo tun yana wata uku.