Ɗigon da ke katin Koufax

Asabar, bayan la'asar, a teburin Yaya kamar kullum, muna buga Strat-O-Matic, wasan ƙwallon baseball na kan tebur da ake yi da 'ya'yan ludo da katunan 'yan wasa na gaske. Giants ta 1965 tasa, Dodgers ta 1965 tawa, wasan farko cikin uku. An tashi 3 da 2, shi ya ci. Na dawo gida na mayar da katunan cikin ambulan ɗinsu, amma na Koufax, gwanin mai jifa na Dodgers, na bar shi a waje. Ga shi nan kusa da kofin shayi, kusurwarsa ɗaya ta fara lanƙwashewa saboda yawan riƙo.

Da farko komai ya tafi yadda ake so. Duk wanda ya riƙe Dodgers ɗin nan ya san ba ta da masu fitar da ƙwallo waje, wato homron: 78 ta buga a duk kakar, alhali Mays da McCovey na Giants su biyu kaɗai suna da 91, wancan 52 wannan 39. Saboda haka maki ɗaya-ɗaya ake tsinta, kamar mai tsintar gero a ƙasa. Zango na farko cikin tara na wasan, Wills ya hau bes na ɗaya (bes su ne matsayan da mai gudu ke bi ya dawo gida ya ci maki), na jefa ɗan ludo mai fuska 20 ya saci na biyu, Gilliam ya tura shi na uku, Willie Davis ya ɗaga ƙwallo nesa ya shigo gida. Zango na biyar Lou Johnson da Lefebvre suka haɗa mana na biyu. Samun maki 2 daga hannun Marichal, gwanin mai jifa na Giants, ai sai godiya. Har Yaya ya ce yau da ƙafar dama na shigo.

Sai zango na takwas, muna 2 da 1.

Koufax ya fitar da mutum biyun farko ba wahala, har da wanda aka sako ya buga a madadin Marichal. Sai Schofield ya samu bes ɗaya, Jesus Alou ma haka, McCovey kuma ya tafi bes na ɗaya kyauta. Mutum uku ke nan a zango ɗaya, kuma tuni Koufax ya wuce zangon juriyar da aka rubuta a katinsa. A dokar Strat-O-Matic da muke bi, wannan shi ne gajiya. Daga lokacin, duk gurbin da ke da ɗan baƙin ɗigo a katinsa ya daina zama fitarwa, ya koma bugu mai kai kowane mai gudu gaba da bes biyu. Bes uku a cike, Mays ne mai zuwa, Bob Miller, mai jifana na canji, yana benci bai yi jifa ba tun wasanni biyu da suka wuce.

Na bar Koufax. Farin ɗan ludo ya ba da 5, wato katin mai jifa, jajayen biyu suka sauka daidai kan gurbi mai ɗigo. Da a zango na uku ne, da Mays ya koma ya zauna. Sai ga maki biyu sun shigo. Linzy, mai jifan canji na Giants, ya zo ya rufe mana ƙofa a sauran zangon biyu.

Yaya bai yi murna ba, wannan ne ma ya fi tsaya mini a rai. Ya ɗan jima yana kallon katin, sannan ya ce, "Ƙanena, me ya hana ka sako Miller?"

Na ce, "Yaya, Alston, kocin Dodgers na lokacin, ba zai cire shi ba. Mutumin da ya kammala wasa 27 shi kaɗai a shekarar nan?"

Ya ce, "Alston yana kallon fuskarsa. Kai takarda ce a gabanka, kuma takardar ta riga ta gaya maka ya gaji."

Ban amsa ba, domin lissafin a fili yake. Jifa ɗaya na 'ya'yan ludo uku yana da hanyoyi 216, rabi a katin mai bugu, rabi a katin mai jifa. Jimillar jajayen biyu ce ke nuna layi, don haka ɗigon da ya zauna a layin 7 ya ci hanyoyi 6, wanda ke layin 2 ko 12 hanya ɗaya tak, don haka ba yawan ɗigon ake dubawa ba, mazauninsu ake dubawa. Minti ɗaya ya isa a ƙirga su, ban ƙirga ba. Sannan ga abin da mutane kan manta: canza mai jifa ba rabinsa na lissafin kawai yake taɓawa ba. Koufax bahago ne, Mays da dama yake bugu. Da Miller ya shigo, da an koma karanta ɗaya ɓangaren katin Mays, na masu jifa da dama. Duka rabi biyun sun sauya ke nan. Wataƙila da Mays ya buga wa Miller ɗin ma, wannan ba wanda zai rantse. Amma aikin mai riƙe da ƙungiya shi ne ya jera katunan biyu ya gwada kafin ya ɗauki ɗan ludo.

Duk da haka zuciyata ba ta gama yarda da Yaya ba. Me ya sa muka zaɓi 1965 tun farko, in ba don mu ga wannan mutum yana yin abin da ya yi ba? Nasara 26, rashi 8, ya fitar da mutum 382 da jifa. Ranar 9 ga Satumba ko mutum ɗaya na Cubs bai taka bes ba. A wasa na bakwai na gasar ƙarshe da Twins, da hutun kwana biyu kacal, ya hana su ko maki ɗaya. In zan riƙa cire shi duk sanda ɗigo ya farka, to wata ƙungiya nake jagoranta mai kama da Dodgers a suna kawai. Katin ya san adadi, bai san Oktoba, watan gasar ƙarshe, ba.

Sai kuma na tuna yadda abin ya ƙare. Bayan kakar 1966 ya ajiye wasa yana ɗan shekara 30, saboda amosanin gwiwar hannun hagunsa. Waɗannan zango 335 da nake alfahari da su, su ne aka yi da hannun da ke kumbura. Tun ɗazu nake juya wannan, na kasa cewa ga mai gaskiya tsakanina da Yaya. Abin da na tabbatar kawai, a yau ban zaɓi komai ba, ganin sunan da ke saman katin ne ya hana ni dubawa.

Dokar gasarmu ta kan tebur ba ta barin ɗan wasa ya wuce abin da ya yi a zahiri da fiye da kashi 10 cikin 100, wato kusan zango 369 ga Koufax. A yadda nake tafiya, zai ƙare mini kafin wasannin ƙarshe da Giants ɗin nan. Dole masu jifan canji, Perranoski da Miller, su fara ɗaukar zango na takwas, shi kuma Podres, wani mai jifan, ya samu nasa ranakun.

Malam, ɗaya daga cikin 'yan gasarmu, ya aiko da sakamakonsa, Twins ta sake ci. Takardun rubuta maki saura huɗu.

Gobe Drysdale ne zai yi mini jifa. Da fensir na zagaye kowane ɗigo a katinsa, na rubuta adadin hanyoyinsa a gefe.