Muryoyin da suka riƙa yawo a wayoyinmu lokacin kullen Makka

Sana'ata tafinta ce. Shekaru na yi a wani otal kusa da Harami ina shiga tsakanin alhazanmu da Larabawa, daga rigimar makullin ɗaki har zuwa rakiyar mara lafiya asibiti. Da Saudiyya ta dakatar da shigowar masu Umara daga waje ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aikin ya tsaya cak. Ranar 2 ga Maris aka sanar da mutum na farko da ya kamu da korona a ƙasar. Kafin watan ya ƙare an killace wasu unguwannin Makka, ciki har da Misfala da Nakkasa da Hosh Bakar inda mutanenmu suke da yawa, sannan ranar 2 ga Afrilu dokar hana fita ta koma awa 24 a Makka da Madina. Kowa ya shige ɗaki, ba abin da ya rage masa sai waya.

A nan na ɗora wa kaina aikin da ba wanda ya sa ni. Kullum kakakin Ma'aikatar Lafiya, Dakta Muhammad Al-Abdul Ali, yakan fito a talabijin ya yi bayani. Sai in saurara, in rubuta abin da ya shafe mu, in naɗi murya da Hausa in tura zaurukanmu na WhatsApp. Yawancin mutanenmu suna jin Larabcin kasuwa sarai, amma Larabcin sanarwar hukuma wani abu ne daban, balle ga tsofaffi. Ba a jima ba sai abin ya juya, mutane suka fara turo mini nasu saƙonnin: "Malam, don Allah saurara mana wannan, gaskiya ne?" Da na yi ta saurara, sai na lura kusan duka a gwado ɗaya aka ɗinka su.

Ana buɗewa da cikakkiyar sallama da salati, cikin natsuwa, murya irin ta mai wa'azi ko ta uwa mai tausayi. Sai a kawo majiya: "wata ƙanwar matata da take aiki a wani babban asibiti", "wani likita ɗan uwanmu Musulmi da ke Caina". Ba suna, ba sunan asibiti, ba ranar da aka faɗa. Duk wanda ya taɓa zama gaban malamin hadisi ya san ruwayar da aka ce "wani mutum ya ba ni labari" ba a kafa hujja da ita, amma mu ɗin nan da muka san haka muna karɓarta hannu biyu idan ta shigo ta waya. Inda ya kamata a kawo hujja sai a kawo rantsuwa: wallahi tallahi, in ƙarya nake kada Allah ya nuna mini gobe. Wa zai iya cewa Musulmi ɗan uwansa ya rantse a kan ƙarya? Kunyar nan ita ce rabin ƙarfin saƙon.

Lokacin kuwa kullum "daren jiya" ne ko "yanzun nan". Akwai wata murya da na fara ji cikin Afrilu tana cewa daren jiya an kwashe mutane a wata unguwa, na sake jin ta gab da Babbar Sallah, har yanzu daren jiya ne. Masu laifin su ma ba su da suna, "su" ne kawai: ba sa so ku sani, sun ɓoye, sun shirya. Mai sauraro shi ke cike gurbin da wanda ya fi tsoro. A ƙarshe sai a ɗora maka nauyi: "Don girman Allah kada ka bari ya tsaya a wayarka, sadakatul jariya ce, duk wanda ya ɓoye Allah zai tambaye shi." Turawa ta zama ibada, ƙin turawa ya zama zunubi. A watan Afrilun nan kamfanin WhatsApp ya taƙaita tura saƙon da ya riga ya zaga sosai zuwa wuri ɗaya kacal a lokaci guda. A wurinmu dabarar ba ta yi wani tasiri ba, domin Hajiya sai ta saurara ta sake faɗa da bakinta, saƙon ya fito sabo fil, yanzu kuma da muryar da kowa ya sani ya kuma amince da ita.

Na magunguna su suka fi yawa: tafarnuwa, citta, lemun tsami da ruwan zafi, gashin da aka ce za a tarar a Suratul Baƙara a jiƙa a sha, sai tazargade bayan shugaban Madagaska Andry Rajoelina ya fito da nasa tsimin. Ban cika ɓata lokaci a kan shayin citta ba, mai so ya sha. Abin da nake tsoro shi ne irin na 2014, lokacin Ebola, da aka tashi mutane cikin dare a Najeriya aka ce su yi wanka da ruwan gishiri su sha, har aka rasa rayuka. Mafi wuyar sha'ani shi ne na habbatus sauda. Mai maganar zai fara da hadisi ingantacce, cewa waraka ce daga kowace cuta ban da mutuwa, sannan ba tare da ya ja numfashi ba ya ɗora: "saboda haka ba ka buƙatar takunkumi, ba ka buƙatar asibiti." In ka ce saƙon ƙarya ne, ka ƙaryata hadisi a idon jama'a, kuma ka gama yawo. Sai na koyi yanka saƙo gida biyu. In ce: daga farko zuwa nan maganar Annabi ce, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba mai ja, daga nan zuwa ƙarshe kuwa ra'ayin mai muryar ne. Sannan in kawo ɗaya hadisin, wanda ya hana shiga garin da annoba ta sauka da fita daga cikinsa, da amsar da Sayyidina Umar ya bayar da ya juya daga hanyar Sham, cewa gudu ne daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Amma ƙaryar da ta fi yi mana ɓarna ba ta da ado ko kaɗan. Ranar 30 ga Maris Ministan Lafiya Tawfiq Al-Rabi'a ya sanar da umarnin Sarki Salman cewa za a yi wa kowa maganin korona kyauta, ɗan ƙasa da mai iƙama, har da wanda ba shi da takardun zama. Kafin gari ya waye muryoyi sun fito: tarko ne, kana zuwa za a ɗauki yatsanka, daga gadon asibiti sai tarhil, inda ake tsare waɗanda za a mayar ƙasarsu. Wannan ba ya buƙatar rantsuwa mai yawa, domin ya sauka ne a kan tsoron da 'yan Takari, mutanenmu mazauna Saudiyya, suke kwana da shi suke tashi da shi tun kafin a san korona.

A benen da nake akwai wata dattijuwa da ɗanta ya kwana biyu yana zazzaɓi, numfashinsa yana sarƙewa, kuma ba shi da iƙama. Na tsaya daga bakin ƙofa na karanta mata umarnin, na fassara. Ta saurara har na gama, sannan ta ce, "Ɗana, na ji. Amma takardar sarki daban, askar ɗin bakin ƙofa daban. Kai za ka tsaya masa in an riƙe shi?" Na ce, "Inna, ba zan rantse miki a kan abin da ba a hannuna yake ba." Na kira 937, lambar Ma'aikatar Lafiya, na buɗe murya ta ji da kunnenta, duk da haka ba ta motsa ba. Abin da ya motsa ta shi ne wani mai wankin mota a layinmu, shi ma ba takarda, wanda aka kwantar aka kuma sallame shi. Na roƙe shi ya yi magana. Ya naɗi murya da ba ta kai minti ɗaya ba: ya faɗi sunansa da garinsu, ya ce an sa masa iska, an ba shi abinci, ba wanda ya karɓi riyal ɗaya a hannunsa, ga shi a ɗakinsa. A daren aka fita da yaron. Muryar nan ta yi aikin da fassarata ta makonni ba ta yi ba.

Daga nan na gyara nawa salon. Kowace murya ina buɗe ta da sunana, da ranar da nake magana, da inda na samo labarin, don kada ita ma ta zama "daren jiya" bayan wata uku. Ba na wuce minti biyu. Kuma ba na ƙaryata babba a cikin zaure. In Alhaji ya turo abin da ba haka ba, sai in kira shi gefe: "Baba, wannan da aka turo maka, na bincika, ga yadda abin yake." Sau da yawa shi da kansa yake komawa ya gyara, yana mai cewa ya sa an bincika. Ni ba ruwana da wa aka yaba.

Hukuma ta yi ta gargaɗi cewa yaɗa jita-jita ta intanet na iya jawo ɗaurin da ya kai shekara 5 da tarar da ta kai riyal miliyan 3. Manyan zaurukan sun yi tsit, sai maganar ta koma zauren dangi da kiran waya, ta kuma canza riga. Rantsuwa ta ragu, aka koma "ni dai haka aka turo mini" da "Allahu a'alam, amma a kiyaye". A ganina wannan ya fi wuyar kamawa, don mai faɗa ya riga ya zare hannunsa.

Da aka fara rigakafi ranar 17 ga Disamba, 2020, da allurar Pfizer aka fara, kuma duk Bakano ya san sunan nan. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin ya yi gwajin maganin Trovan a Kano a kan yara kusan 200, 11 suka rasu, wasu suka naƙasa, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin jihar a 2009 a kan dala miliyan 75. Wannan tabon yana cikin abin da ya sa aka ƙaurace wa allurar shan inna a 2003. Muryoyin suka ɗauko wannan tarihi, wanda gaskiya ne, suka rufe da kalma biyu: "Sun dawo." Ban taɓa cewa kowa ya manta da 1996 ba, ba ni da wannan hurumin. Abin da nake cewa shi ne a duba wa aka fara yi wa a nan: ministan da kansa, Yarima Muhammad bin Salman a cikin watan, Sarki Salman a Janairu, duk a gaban kyamara, kuma layi ɗaya muke bi da 'yan ƙasa. Wasu suka ce ai ruwa aka zuba a tasu allurar. Mai wannan magana ba abin da za ka nuna masa ya gamsu, na daina gwadawa.

Kada in cika baki, ba muryoyina ne suka kai yawancin mutanenmu wurin allura ba. Manhajar Tawakkalna ce, ta gwamnati, mai nuna ko an yi wa mutum rigakafi. A azumin 2021 aka daina ba da izinin Umara ko sallah a Harami sai ga mai rigakafi ko wanda ya warke daga cutar, daga 1 ga Agusta na shekarar kuma, a wancan lokacin, har wurin aiki da kantuna sai ka nuna wayarka. Mutane suka je, da yawansu ba su sauya ra'ayi ba. Wani abokina direba ya kira ni daga cikin layin allurar yana magana ƙasa-ƙasa, wai an turo masa cewa in mutum ya sha lemun tsami da zuma nan take bayan an yi masa, za su wanke dafin, ko in tabbatar masa? Na ce ya sha abinsa, lemun tsami ba ya hana komai, ya dai duba ranar da aka rubuta masa ta dawowa karo na biyu.