Abin da ya kamata a duba kafin a sayi kiren na sama

Mun daɗe muna ɗaga injinan manyan motoci da sarƙar hannu a wurin aikinmu da ke Suame Magazine a Kumasi, mutum uku suna ja, ɗaya yana gefe yana ba da umarni. Ranar da wani inji ya zame ya faɗi dab da ƙafar wani yaron aiki, sai kawuna, wanda shi ne mai wurin, ya ce lokaci ya yi da za a sayi kiren na sama, wato injin ɗaga kaya wanda gadarsa ke tafiya a kan dogo biyu a saman ɗaki, kura mai ƙugiya kuma tana zarya a kan gadar.

Kawu ya riga ya tsayar da ransa a kan mai ɗaukar tan 5, amma injiniyan da muka kira bai fara da maganar tan ba. Ya ce, "Alhaji, sau nawa za ku ɗaga kaya a awa ɗaya, kuma ginshiƙan nan don me aka kafa su?" A ganina waɗannan tambayoyi biyu sun fi tambayar nauyi muhimmanci, kuma su ne mutanenmu suka fi mantawa da su.

Kiren biyu za su iya zama masu tan 5 dukansu, amma an ƙera ɗaya don aikin jefi-jefi, ɗayan kuma don aiki daga safe har dare. Masu ƙerawa suna nuna wannan da aji, daga M1 zuwa M8. Wurin gyara irin namu yakan wadatu da M4 ko M5, amma masu narka ƙarfe suna buƙatar sama da haka, kuma wanda ya sayi ƙaramin aji don araha zai biya bambancin a birki da igiyar ƙarfe.

Maganar gini ita ce ta fi ba mu wahala. Ginshiƙanmu an kafa su ne don su riƙe rufin kwano kawai, alhali kiren yana ɗora musu nauyin kansa da na kaya, yana kuma tura su gefe duk lokacin da ya tashi ko ya tsaya. Dole muka haƙa sabon harsashi, muka kafa wa dogon da kiren zai bi ginshiƙansa daban. Nan ne kuma muka zaɓi gada mai ƙarfe ɗaya, domin ta fi sauƙin nauyi da kuɗi. Mai ƙarfe biyu ta fi dacewa da manyan kaya da ɗaki mai faɗi, kuma ƙugiyarta takan hau sama sosai tun da kurar tana tafiya a bisa ƙarafan, amma da muka auna tsayin rufi sai muka ga ba mu buƙatarta.

Wutar Gana hatz 50 ce, wato tana juyawa sau 50 a daƙiƙa ɗaya, ta Amurka kuwa 60, saboda haka kiren da aka riga aka yi amfani da shi, wanda aka sauke a tashar jiragen ruwa ta Tema daga can, zai yi tafiya a hankali, kuma sai an duba kayan sarrafa shi. Game da ɗaukewar wuta, na dage sai an gwada birki a gabana da kaya a rataye, domin ya kamata ya kama da kansa da zarar wuta ta tafi.

Dokar masana'antu ta Gana ta 1970 ta tanadi a riƙa duba injinan ɗaga kaya, a kuma nuna iyakar nauyin da aka yarda su ɗauka. Mun rubuta namu da manyan baƙaƙe a jikin gadar, kuma kawu bai ba da ragowar kuɗin ba sai da mai sayarwa ya kai mu shagon da za mu riƙa samun takalmin birki a cikin Kumasi.