Samfurin da ba a ɗauka ba

Asabar, bayan sallar isha'i.

Tun asuba ake ruwa, bai tsagaita ba sai wajen ƙarfe goma. Yau ba ranar aikina ba ce, amma akwai jinin da aka ɗiba jiya da yamma wanda ba zai kai Litinin ba, dole na leƙa ɗakin gwaji. Kwalabe bakwai na tarar a firji. Shida lafiya lau. Ta bakwai ba suna, ba lamba, ba ranar ɗiba, farar takardarta fes kamar yanzu aka manna. Na san ta wace ce, wata dattijuwa ce da aka kawo daga ƙauye, don ita kaɗai ce a rajista ba kwalbarta. Amma a aikinmu ba a rubuta sakamako da "na san". Na jefa ta a kwandon ƙonawa, na kira ɗanta na ba shi haƙuri, na ce su dawo a sake ɗiba. Ya yi shiru, na san kuɗin mota yake lissafawa. Abin ya tsaya mini a rai har na fita.

Daga nan gidan Hajiya na wuce. Yaya ya dawo daga Gwanzu, birnin Chaina da yake zuwa saro kaya, ranar Laraba, shi ya sa ta tara mu. Tuwon shinkafa da miyar taushe ta sa aka yi, aka shimfiɗa babbar tabarma a falo saboda tsakar gida duk ruwa. Baffa ma ya zo. Ana cikin ci Auta ya miƙo mini wayarsa, wai in kalli wani bidiyo da aka turo musu a WhatsApp, wani Bature yana rantsuwa cewa korona ƙera ta aka yi da gangan. Ban kai rabi ba na mayar masa. Sai Yaya ya ajiye cokali ya ce, "To Likita, ke da kike cikin harkar, faɗa mana gaskiya. Ni dai ba wanda zai ce mini daga kasuwa ta fito. Na san Chaina, na san mutanenta."

Daga nan hira ta koma musu, har la'asar.

Hujjar Yaya ba ta banza ba ce, wannan na yarda. Ya ce ƙasar Sin faɗi gare ta, biranenta ba iyaka, kasuwannin namun daji kuma ko'ina akwai su. Me ya sa cutar ba ta fara ɓulla ko'ina ba sai a Wuhan, garin da cibiyar da ta shahara wajen tara ƙwayoyin cutar jemage take? Na ƙara masa ma da abin da bai sani ba. Na ce shugabar sashen binciken jemage na cibiyar a lokacin, Shi Zhengli, da mutanenta sun ɗebo wata ƙwaya a 2013 daga wani tsohon ramin haƙar ma'adinai a lardin Yunnan, wadda ta yi kama da ta korona da kusan kashi 96 cikin ɗari, kuma tsakanin Yunnan da Wuhan ya fi kilomita 1,000. Rumbun bayanan cibiyar na intanet an sauke shi tun watan Satumba na 2019, suka ce masu kutse ne suka dame su. A 2018 kuma wata ƙungiyar Amurka, EcoHealth Alliance, tare da cibiyar sun nemi kuɗi daga sashen bincike na ma'aikatar tsaron Amurka don wani aiki da ya haɗa da sauya sassan irin waɗannan ƙwayoyi. Ba a ba su kuɗin ba, amma takardar neman ba ta fito fili ba sai a 2021, ta hannun masu tono. Yaya ya tafa hannu ya ce, "Kin gani? Da bakinki."

Na ce ya dakata, ban gama ba.

Kashi 96 a kunnen ɗan kasuwa kusan ɗari ne, amma a harkar ƙwayar cuta wannan kashi huɗun tafiyar shekaru gommai ce. Daga baya ma an samu wadda ta fi ta kusa a jemagun ƙasar Laos, a kogo, ba hannun kowa. Sannan da masu bincike suka zana gidajen waɗanda suka fara kwanciya a Disambar 2019 a kan taswira, sai suka ga sun taru ne a kewayen kasuwar Huanan da ke cikin Wuhan, har da waɗanda ba su da wata alaƙa da kasuwar, ita kuwa cibiyar tana can ƙetaren kogin Yangtze. A cikin kasuwar ma, inda aka fi samun ƙwayar shi ne ɓangaren yamma, wajen rumfunan masu sayar da dabbobi da ransu. A Maris na 2023 wata mai bincike 'yar Faransa, Florence Débarre, ta ci karo da bayanan shafe-shafen da aka yi a kasuwar, a ciki aka ga alamar wata dabba mai kama da dila, wadda aka san tana iya ɗaukar cutar. Kuma ba yau aka fara ba. Cutar SARS ta 2002, 'yar uwar korona, a lardin Guangdong ta ɓulla, inda shi Yaya yake saro kaya, aka kuma gano ƙwayar a jikin wani nau'in muzurun juda da ake sayarwa a kasuwa. Ni dai zuciyata ta fi karkata ga kasuwa, na faɗa masa haka ƙarara.

Baffa, wanda tun ɗazu yake saurare yana jan carbi, ya ce, "To 'yata, in haka ne me ya hana a kamo dabbar a nuna wa duniya, kowa ya huta?"

Wallahi tambayar nan ita ce duk maganar. Ranar 1 ga Janairun 2020 aka rufe kasuwar, aka kwashe abin da ke ciki, aka feshe ta da magani. Da ma'aikatan lafiya suka zo ɗaukar samfur, bango suka shafa, da ƙasa, da magudanar ruwa, da kekunan tura kaya. Cikin irin waɗannan guda 923, 73 sun nuna ƙwayar. Dabbobin da suka gwada kuwa, yawanci naman firji ne da kuliyoyi da karnukan da ke yawo da ɓeraye, ba a samu komai ba. Su ainihin dabbobin da ke cikin kejin a watan Nuwamba da Disamba, da gonakin da aka kawo su daga can, ba wani sakamako nasu da aka nuna wa duniya. Na ce, "Baffa, kamar a kawo mini kwano bayan an wanke shi ne, a ce in faɗi wace miya aka ci a ciki. Zan iya jin ɗan ƙamshi, amma ba zan sa hannu a takarda ba."

A nan ne na lura muryata ta fara tashi. Ban saba ɗaga murya a gaban Baffa ba.

Abin da ke ci mini rai, ko kasuwa ce ko ɗakin gwaji, ɓoyon iri ɗaya ne. Na ba su labarin Li Wenliang, likitan ido a Wuhan. Ranar 30 ga Disambar 2019 ya rubuta wa abokan karatunsa a WeChat, irin WhatsApp ɗinsu na can, cewa an kwantar da mutane masu wata cuta kamar SARS, su kula da kansu. Iyakarsa ke nan, abin da ni ma zan yi in na ga baƙon abu a ƙarƙashin madubi. Ranar 3 ga Janairu 'yan sanda suka kira shi, suka sa ya dangwala yatsa a takardar gargaɗi cewa yana yaɗa jita-jita. Ya koma bakin aiki, ya kamu, ya rasu ranar 7 ga Fabrairu, matarsa na da ciki. Wani masani a Shanghai, Zhang Yongzhen, ya saki cikakken tsarin ƙwayar ga duniya ranar 11 ga Janairu, wanda da shi aka haɗa kayan gwaji da allurar rigakafi, washegari aka rufe masa ɗakin gwaji wai za a yi gyara. Sai ranar 20 ga Janairu gwamnati ta amsa cewa mutum na shafa wa mutum. Ranar 23 aka kulle Wuhan, bayan jama'a sun riga sun watsu don bikin sabuwar shekararsu. Da tawagar Hukumar Lafiya ta Duniya ta samu shiga, shekara guda cur ta wuce, kuma da suka nemi ainihin bayanan majinyata 174 na farko, taƙaitawa aka ba su. Ko a watan Yunin 2025 kwamitin masana na hukumar ya ce hujjojin da ke hannu sun fi nuna daga dabba ta tsallako, amma ba za su rufe ƙofar ɗakin gwaji ba tunda an hana su abin da suka nema.

Yaya ya ce shi wannan bai ba shi mamaki ba. Ya tuna mana da watan Afrilun 2020, lokacin da aka riƙa korar baƙaƙen fata daga gidajen haya da otal a Gwanzu, abokan cinikinsa suna kwana a bakin titi da jakunkunansu, wai su ne masu cutar. Har yanzu in ya faɗa sai idonsa ya kaɗa. Ya ce wanda ya iya wannan, ɓoye takarda ba komai ba ne a wurinsa.

Auta ya sako baki, wai ai Amurka ta riga ta tabbatar daga ɗakin gwaji ne. Na ce masa a'a, kalmar "tabbatar" ta yi nauyi. FBI, hukumar binciken manyan laifuka ta Amurka, ta ce ta karkata ga ɗakin gwaji da matsakaicin yaƙini. Ma'aikatar makamashinsu a 2023, da hukumar leƙen asiri ta CIA a Janairun 2025, duk sun ce can ɗin, amma da raunin yaƙini, su da kansu suka rubuta haka. Wasu hukumomin leƙen asirin nasu kuma sun karkata ga dabba. Kuma su ma ba su baje hujjarsu a faifai ba, sai dai a ce mana a yarda. Shi ma Facebook, kamfanin Amurkar, ya riƙa goge duk rubutun da ya ce ƙera ƙwayar aka yi, daga Fabrairun 2021, sai a watan Mayu ya janye. Ita kuma Chaina, kakakin ma'aikatar harkokin wajenta na lokacin, Zhao Lijian, ya fito a Maris na 2020 yana cewa wataƙila sojojin Amurka ne suka kai cutar Wuhan, daga baya aka koma cewa a jikin daskararren abinci ta shigo. Giwaye biyu na faɗa, gawarwakin kuwa na kowa da kowa ne.

Ni da nake aiki da ƙwayar cuta kullum ba zan taɓa cewa ɗakin gwaji ba ya yoyo ba. Safar hannu na yagewa, allura na sokar mutum, gajiya na sa a manta. Ita kanta SARS ta kuɓuce daga wani ɗakin gwaji a Beijing a 2004, har an rasa rai. A 1979 a garin Sverdlovsk na Tarayyar Sobiyet, ciwon saifa ya fita daga wata masana'antar soja ya kashe mutum fiye da 60, gwamnati ta ce gurɓataccen nama suka ci, sai a 1992 Boris Yeltsin ya amsa cewa sojoji ne. Shekara 13. Na ce wa Yaya wataƙila mu ma irin wannan jiran muke yi, sai dai ita waccan akwai likitocin da suka adana sassan jikin mamatan, shi ya sa aka samu abin dubawa.

Duk wannan Hajiya ba ta ce uffan ba. Tana gefe tana gyara goro a faranti. Da aka kira la'asar maza suka fita masallaci, na bi ta ɗaki muka yi sallah tare. Bayan mun sallame ta daɗe tana addu'a, sannan ta juyo ta ce, "Ku kuna ta Chaina. Shi Alhaji wa ya gwada shi?"

Ban da amsa. A makon farko na azumin 2020 Baba ya rasu. Kwana shida yana zazzaɓi da tari, muka yi ta yawo da shi, inda duk muka je ƙofa a rufe ko a ce ba gado. Lokacin ne masu haƙar kabari a Kano suke cewa ba su taɓa ganin irin wannan ba, dattawa suna ta tafiya, kullum sai ka ji an yi rashi a layi. Aka ce mana zazzaɓin sauro ne, hawan jini ne, ciwon suga ne. Mu ma muka karɓa, don a lokacin a ce mamacinka korona ce kamar abin kunya ne, kuma tsoro muke kada a hana mu gawarsa. Sai a watan Yuni ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce an ƙirga mutum 979 a ƙananan hukumomi takwas na cikin birni, kuma kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari wataƙila korona ce sanadi. Ta hanyar tambayar iyalai aka kai ga wannan lissafi, ba ta gwaji ba. Gidanmu ba wanda ya zo. Ni ɗin nan, 'yarsa, da tsinken auduga ɗaya zan iya shafo hancinsa cikin daƙiƙa goma, amma ba ni da inda zan kai, kuma ban ma yi tunanin yi ba. Ina ta shafa masa ruwa a goshi ina karanta masa Yasin.

Hajiya ta ce akwai abin da ba ta taɓa gaya mana ba. Kwana huɗu kafin rasuwarsa ta kunna masa turaren wuta, irin na Maiduguri da yake so, ta ajiye kaskon kusa da shimfiɗarsa. Ya dube ta ya ce, "Wai yau ba za ki sa mana turare ba ne?" Hayaƙi na tashi a gabansa. Kunun da ta dama masa da tsamiya ma ya ce ruwa ne zalla.

Na ce, "Hajiya, me ya sa ba ki faɗa mini ba tun lokacin?"

Ta ce ba ta san yana da wata ma'ana ba, kuma ba wanda ya tambaye ta.

Yaya ne ya kawo ni gida bayan magariba. A mota ya so ya ɗauko musun daga inda muka tsaya, na ce masa a bari sai wani jiƙon. Ban gaya masa maganar turaren ba tukuna, gobe in Allah ya kai mu zan kira shi. Dattijuwar nan kuma ɗanta ya turo saƙo, za su zo Litinin da sassafe. Ni zan ɗibi jinin da hannuna.