Talata a Jidda: kwalin faifan garmaho ya iso

Faifai shida ne suka iso bayan Azahar, daga wani mai sayarwa a Riyad da ya sa tallarsu a Haraj, shafin saye da sayarwa na intanet a Saudiyya. Huɗu ƙanana ne masu gudun zagaye 45 a minti, biyu manya masu 33. Daga hannun mai kawowa sai cikin ɗaki mai sanyi, domin a ƙasar nan zafi ya fi karce ɓarna. Faifai roba ne, awa ɗaya a but ɗin mota da ranar bazara ta isa ta lanƙwasa shi. Shi ya sa aka fi so a aiko kaya farkon mako, kada su kwana Juma'a da Asabar a ɗakin ajiya.

Mutumin ya iya ɗauri, Allah ya saka masa. Ya fitar da kowane faifai daga bangonsa ya bar shi cikin takardar ciki, ya tokare da kwali mai kauri gaba da baya. Idan aka bar faifai a cikin bango, girgizar hanya kan sa bakinsa ya yanka kwalin.

Kafin a kai ga tayi akwai abin da ake nema, kuma hoton talla ba ya cikinsu. Hoton da aka ɗauka daga sama ba ya nuna komai. Sai a ce: “Malam, don Allah karkata shi ƙarƙashin fitila ka ɗauko min duka fuskokin biyu.” Sannan bidiyonsa yana juyawa, a ɗauko daga gefe, ta nan lanƙwasa ke bayyana. Na uku, lambar da aka zana a filin da ke kusa da takardar tsakiya. Da ita ake dubawa a Discogs, shafin intanet mai tattara bayanan faifai, a gane bugun asali ne ko na baya, don tazarar kuɗinsu kan yi yawa. Su VG+ da NM, alamun lafiyar faifai da masu sayarwa ke rubutawa, ba na ɗora ciniki a kansu, kowa da idonsa. Wanda ya ƙi turo bidiyo kuwa, a yi masa sallama.

Cikin shidan da suka iso, biyar sun fito lafiya. Na shida yana da karce mai gicciye a waƙa ta biyu. Gwajin mai sauƙi ne: a bi da farce a hankali, in ya kama, allura ma za ta kama, za a ji “ƙas” a kowane zagaye. Wannan ya kama. Na tura wa mai sayarwar hoto, ya yarda zai rage kuɗin.

Da La'asar aka yi wanki. Tataccen ruwa, ɗigon sabulun wanke-wanke ɗaya ko biyu a lita, ƙyalle mai laushi, a bi zagayen layin, kada ruwa ya taɓa takardar tsakiya. Ruwan famfo yana barin gishiri a cikin layin. A jingine shi a tsaye ya bushe. Tsofaffin faifan 78 kuwa ba roba ba ne, sinadarin sifirit yana cinye su, kuma allurarsu daban ce, ta fi kauri.

Bayan Magariba wani dattijo maƙwabcinmu ya aiko yaro da na'urar garmahon da ya taho da ita daga Kano, wai muryoyi sun koma na yara. Ba lalacewa ta yi ba. Wutar Najeriya hatz 50 ce, wato bugu 50 a daƙiƙa, ta Saudiyya 60, kuma injin tsohuwar na'ura da bugun wuta yake tafiya, sai 33 ya koma 40. Na ce wa yaron ya gaya wa Baba ko dai a canza ƙaramar dabaran da bel ke hawa zuwa ta 60, ko a nemi na'ura mai daidaita gudunta da kanta. Taransifoma ba za ta yi maganin wannan ba, ƙarfin wuta kawai take canzawa.